Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ƙudurin Gyaran En'e na 1950 a Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa (1912–1966) ta fuskar da ba a cika dubawa ba, wato fafutikarsa ta neman a sa talaka cikin sha'anin mulkin garinsu. Ta tsaya a kan ƙudurin da ya gabatar a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ranar 19 ga Agusta, 1950, da abin da ya kai shi ga gabatar da shi, da abin da ya biyo baya. An lura cewa gyaran da aka yi ya rage wa sarki iko a doka, amma ikon da aka rage bai sauka hannun jama'a ba, gwamnatin jiha da ke Kaduna ce ta karɓe shi. Birnin Kaduna kansa yana cikin wuraren da hakan ya fi bayyana.

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban tarihi sun san Tafawa Ɓalewa a matsayin Firayim Ministan Nijeriya na farko, ɗaliban adabi kuwa sun san shi da littafin Shaihu Umar. Tsakanin waɗannan matsayi biyu akwai wani malamin makaranta mai shekara 37, ma'aikacin En'en Bauchi, wanda ya miƙe a majalisa a Kaduna ya soki tsarin da yake ci a ƙarƙashinsa, a gaban Razdan-Razdan da wakilan da sarakuna suka turo. Ba shi ne ya fara sukar mulkin En'e ba, kuma akwai waɗanda suka fi shi zafin harshe. Abin da ya bambanta nasa shi ne wurin da ya yi maganar, da kuma cewa ta zama batun da aka jefa wa ƙuri'a har aka sauya doka. Saboda haka ne wannan rana ta cancanci a dube ta da kanta, ba a matsayin wani ɗan zango a hanyarsa ta zuwa Ikko ba.

2.0 Tasowarsa da Iliminsa

An haife shi a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa cikin ƙasar Bauchi. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala mutumin Gere ne da ke hidima a gidan hakimin Lere, mahaifiyarsa kuma ita ce Fatima Inna. Ke nan bai fito daga gidan sarauta ba, amma ya tashi a bakin ƙofarta, inda ake ganin yadda ake kai gaisuwa da yadda magana take isa kunnen mai mulki ko ta maƙale a zaure. Bayan karatun allo da makarantun Tafawa Ɓalewa da Bauchi, ya shiga Kwalejin Katsina a 1928 ya fita a 1933. A can ya haɗu da Ahmadu Bello, wanda ya riga shi shiga. Ya koma Bauchi ya koyar a Midil, daga baya ya zama hedimasta.

A shekarar da ya fita kwaleji ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi da Shaihu Umar. An fi nazarin Shaihu Umar ta fuskar bauta da haƙuri da ƙaddara, kuma hakan daidai ne. Sai dai akwai abin lura a yadda masifar gidan ta faro. Makau, mijin mahaifiyar Umar, ba abokan gaba ne suka kayar da shi ba. Fadawa 'yan uwansa ne suka yi masa hassada, suka kai sararsa wurin sarki a kan bayin da aka kamo a hari, sarki ya saurare su ya kore shi daga gari. Babu wata majalisa da za ta tsaya ta bincika, babu inda zai ɗaukaka ƙara. Daga wannan hukunci guda ne uwa da ɗa suka rabu, har kowannensu ya ƙetare hamada. Ba za a ce saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya ya zauna ne don ya rubuta littafin siyasa ba, amma tambayar wa sarki yake saurara ta riga ta zauna masa a rai tun lokacin.

A Bauchi ne tambayar ta fito fili. Malam Aminu Kano ya zo koyarwa a Midil ɗin a farkon shekarun 1940, Malam Sa'adu Zungur ma ya dawo gida. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da wasu Turawan mulki suke haɗuwa su yi muhawara. Ba ta yi tsawon rai ba, domin tambayoyin sun fara taɓa albashin sarakuna da amfanin mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Cikin mutanen uku Tafawa Ɓalewa ne mai sanyi. Yana son gyara, amma daga ciki, kuma da yardar masu gida in zai yiwu. A 1945 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan ya yi shekara guda. Da ya dawo ya zama jami'in ilimi na En'e, ya shiga majalisar Sarkin Bauchi Yakubu na Uku.

3.0 Kaduna da Majalisar da Ya Shiga

Tsarin mulkin Richards, wanda ya fara aiki a 1947, ya kafa wa Arewa majalisu biyu a Kaduna: ta Sarakuna da ta Wakilai. Sunan ta biyun yana iya ruɗar mai karatu. Ba talakawa ne suka zaɓi wakilan ba. Kusan rabin kujerun na Turawan mulki ne, sauran kuma mafi yawansu En'e-En'e ne suka turo su daga cikin manyan ma'aikatansu: wazirai da ma'ajiya da hakimai da malaman makaranta. Ta wannan ƙofa Tafawa Ɓalewa ya shigo daga Bauchi, daga nan kuma aka tura shi majalisar dokoki ta ƙasa.

Garin da majalisar take zama shi ma abin dubawa ne. Kaduna ba birnin ganuwa ba ce irin Kano ko Zazzau. Lugga ne ya zaɓi wurin saboda ruwa da kuma mahaɗar hanyar jirgin ƙasa, aka dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917. A arewacin kogi aka shimfiɗa gidan gwamna da sakatariya da barikin soja da unguwar Turawa, sannan unguwannin da ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori suka zauna, irin su Doka da Unguwar Rimi da Unguwar Shanu da Kawo. Kowa baƙo ne. Unguwannin 'yan ƙasa suna ƙarƙashin En'en Zazzau, wadda fadarta take wani gari dabam, ɓangaren gwamnati kuma yana hannun Bature. Wato majalisar tana zaune ne a garin da mazaunansa ba su da bakin magana a kan kasuwarsu ko harajinsu.

A waje kuwa iska ta fara sauyawa. A 1947 Sakataren Ƙasashen Mallaka na Ingila, Arthur Creech Jones, ya aike wa gwamnonin Afirka takarda yana neman a gina ƙananan hukumomi masu inganci da jama'a ke da wakilci a cikinsu. A 1950 aka yi wa Gabas sabuwar dokar ƙananan hukumomi, a shekarar kuma mutanen Ikko suka zaɓi majalisar birninsu har ta sami magajin gari, Dakta Ibiyinka Olorun-Nimbe. A Arewa, ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu samari suka kafa NEPU a Kano, kwana goma sha ɗaya kafin Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Kaduna.

4.0 Ƙudurin 19 ga Agusta, 1950

Abin da ƙudurin ya nema a taƙaice yake. Ya roƙi Gwamna, Sa John Macpherson, ya naɗa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin En'e a lardunan Arewa, ta ba da shawarar yadda za a gyara shi ya dace da zamani. Ya kuma nemi a bai wa jama'ar Arewa cikakkiyar dama su tattauna rahoton su soke shi kafin a zartar. Wannan sharaɗi na biyu ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne zuciyar maganar. Bai nemi a yi wa talaka gyara a kawo masa a dafe ba, ya nemi a tambaye shi.

Jawabin da ya raka ƙudurin ya fi ƙudurin nauyi. Ya nuna cewa mafi yawan talakawa ba su ga wani sauyi a matsayinsu ba tun zuwan Turawa: da ƙarfi ake mulkinsu, kuma sha'anin mulki ba a ɗauke shi abin da ya shafe su ba. Ya ambaci cin hanci da rashawa a matsayin cutar da ta ratsa kowane mataki, ya taɓo kotunan alƙalai da halin hakimai da dagatai da rashin horar da ma'aikata. Mafi muhimmanci, ya tuhumi matsayin da doka ta bai wa manyan sarakuna na zama su kaɗai ne hukuma, masu wuƙa da nama, waɗanda ba dole ne su bi shawarar majalisarsu ba, muddin Razdan bai hana ba. A ganinsa wannan matsayi ba gadon gargajiya ba ne.

A nan hujjarsa tana da ƙarfi, kuma masu nazarin Hausa sun fi kowa sanin dalili. Tarihin Kano ya adana labarin Tara ta Kano tun zamanin Muhammadu Rumfa, kuma kusan kowace masarauta tana da masu zaɓen sarki da manyan bayi da malamai waɗanda sarki ba ya iya tsallake su lafiya. Shugabannin jihadi sun yi rubutu a kan shawara da haƙƙin talaka: Shehu Usmanu ya soki gaisuwar da ake kai wa masu mulki a Kitabul Farƙ, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don shiryar da masu iko. Ba wai mulkin da can dimokuraɗiyya ba ne. Amma sarkin da ya ƙuntata wa mutane yana fuskantar tawaye, ko hijirar talakawansa zuwa wata ƙasa, ko juya bayan manyan fadarsa. Bindigar Bature ta kawar da duk waɗannan. Sarki ya zama yana tsoron mutum ɗaya tak, wato Razdan. Ta haka Tafawa Ɓalewa ya ƙwace kalmar gargajiya daga hannun masu fakewa da ita, ya nuna cewa abin da ake karewa da sunanta ƙirƙirar mulkin mallaka ne.

Ya kamata a tuna irin kasadar da ya yi. Albashinsa daga baitulmalin En'e yake fitowa, kujerarsa ma En'e ce ta ba shi. Watanni bakwai kafin nan, a babban taron Ibadan na Janairun 1950, yana sahu ɗaya da Sarkin Zazzau Ja'afaru da Sarkin Katsina Usman Nagogo wajen nema wa Arewa rabin kujerun majalisar tarayya. Wataƙila wannan ne ya ba shi kariya: ba a iya kiransa ɗan koren 'yan Kudu ba. Ƙudurin ya tsallake da ƙyar, da rinjaye ƙanƙane ƙwarai, kuma sarakuna da dama ba su ji daɗinsa ba.

5.0 Abin da Aka Samu da Abin da Ya Kuɓuce

Gwamnati ba ta naɗa hukuma mai zaman kanta ba. Ta ɗora aikin a kan jami'anta biyu, K. P. Maddocks da D. A. Pott, suka zagaya larduna suka rubuta rahoto. Daga nan aka miƙa batun ga kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu, wanda sarakuna suke ciki. Tun a wannan mataki rabin buƙatar ya faɗi, domin waɗanda ake bincika da waɗanda suke ɗaure musu gindi su ne suka zama alƙalan gyaran.

Duk da haka an sami wani abu. Dokar 1952 ta soke matsayin sarki shi kaɗai hukuma, sannan babbar Dokar En'e ta 1954 ta tsara sauran. Aka sami sarki a cikin majalisa, wanda dole ya nemi shawara, in kuma ya saɓa wa rinjaye sai maganar ta je gaban gwamnati. Aka sami sarki da majalisa, wanda rinjaye ya ɗaure shi. Aka ƙarfafa majalisun gunduma da na ƙauye da na gari, wasu da zaɓaɓɓun wakilai. Cibiyar koyar da aikin mulki da ke Kongo a Zariya ta ɗauki horar da ma'aikatan En'e, Yaƙi da Jahilci kuma ya ɗauki koya wa manya karatu da rubutu. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma mai cewa ƙudurin bai tsinana komai ba bai yi masa adalci ba.

Matsalar tana ga wanda yake naɗa majalisar da wanda yake iya rushe ta. A manyan masarautu mafi yawan 'yan majalisar sarki masu sarauta ne da naɗaɗɗu. 'Yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari suka ci gaba da zama a hannun En'e. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, an ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe, don haka NEPU ta yi nasara a matakan farko a birnin Kano amma ba ta kai ko mutum ɗaya majalisa ba. A watan Oktoban wannan shekara Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu ƙarƙashin Dakta R. A. B. Dikko, ta zama jam'iyyar siyasa, Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka shiga. Ginshiƙin jam'iyyar a karkara kuwa su ne hakimai da dagatai ɗin da ya soka. A 1952 ya tafi Ikko ya zama Ministan Ayyuka, daga baya na Sufuri. Ma'aikatar ƙananan hukumomi ta Arewa ta faɗa hannun Sardauna, wanda ya zama Firimiya a 1954.

Ilori ce ta gwada iyakar gyaran. A 1957 aka bar zaɓaɓɓu suka zama masu rinjaye a majalisar En'en, sai ƙungiyar Talaka Parapo da ƙawarta Action Group suka lashe. A shekarar da ta biyo gwamnatin Kaduna ta rushe majalisar ta naɗa 'yan riƙo. A 1963 kuma, bayan binciken D. J. M. Muffett a kan kuɗin En'en Kano, Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus. Idan aka jera waɗannan biyu za a ga inda ikon ya koma: gwamnatin jiha tana iya kawar da zaɓaɓɓiyar majalisa, tana iya kawar da babban sarki. Tsoron Razdan ya zama tsoron Minista, talaka dai yana inda yake.

Kaduna ta bi wannan hanya ta nata salon. A 1956 aka cire ta daga Lardin Zazzau aka mai da ita yankin babban birni, ƙarƙashin mai gudanarwa da gwamnatin jiha take naɗawa. An raba ta da fadar da ke nesa, aka haɗa ta da ofishin da ke kusa, amma ba a miƙa ta ga mazaunanta ba. A daidai lokacin garin yana cika: masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 a kudancin kogi, ma'aikatan sababbin ma'aikatu kuma suna ta kwararowa unguwannin arewa.

6.0 Shekarun Ikko da Rasuwarsa

Ya zama Firayim Minista a 1957, ya karɓi 'yancin ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 1960. A tsarin tarayya na lokacin ƙananan hukumomi sha'anin jihohi ne, ba na gwamnatin tsakiya ba, don haka za a iya yi masa uzuri cewa batun ya fita daga hannunsa. Uzurin yana da iyaka. Shi ne mataimakin shugaban jam'iyyar da take mulkin Arewa a shekarun da ake gurfanar da 'yan NEPU gaban alƙalai a kan taro ba izini ko zagin sarki, ake ɗaure Hajiya Gambo Sawaba a kai a kai. A zamaninsa ƙasar Tibi ta yi bore sau biyu, 1960 da 1964, kuma ƙorafi a kan En'e yana cikin manyan dalilai. Zaɓen 1959 da ya tabbatar da shi a kujera an yi shi ne ba tare da ƙuri'ar mace ko ɗaya daga Arewa ba. Mutumin da ya nemi a tambayi jama'a a 1950 ya zaɓi haɗin kan Arewa da zaman lafiyar tarayya a kan ci gaba da wannan faɗa. Ko zaɓin ya zama dole a kansa, magana ce da masana za su ci gaba da saɓawa a kai, amma zaɓi ne, kuma wasu ne suka biya kuɗinsa.

Daren 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Ikko. A daren ne aka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna, inda Gidan Arewa yake a yau. Bayan kwanaki aka tsinci gawar Tafawa Ɓalewa a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta, aka kai ta Bauchi aka binne.

Abubuwan da ya ambata a jawabinsa sojoji ne suka ƙarasa su, ba tare da tambayar kowa ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, ya mayar da sarakuna masu ba da shawara, ya kuma buɗe wa matan Arewa ƙofar zaɓe. A yau sakatariyar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa tana Magajin Gari, wurin da har yanzu yake ɗauke da sunan wata sarautar Zazzau, ba nisa da zauren Lugard Hall inda majalisar dokokin jiha take zama, da titin da aka sa wa sunan Tafawa Ɓalewa. Ranar 12 ga Mayu, 2018, Kaduna ta zama jihar farko a Nijeriya da ta yi zaɓen ciyamomi da kansiloli da na'ura. A 2021 gwamnatin jiha ta sake kafa hukumar babban birnin Kaduna, mai shugaban da gwamna yake naɗawa, a kan yankin da zaɓaɓɓun ƙananan hukumomin suke. Ranar 11 ga Yuli, 2024, shekara 74 bayan ƙudurin, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa gwamnoni ba su da ikon maye gurbin zaɓaɓɓun majalisu da kantomomi, kuma a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya.